Ranar da Na Dafa Irin Ya Falmata

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da masu binciken noma suka zo Gure ba. Lokacin ina da goyon fari, maigidana Malam kuma yana aiki da wani furoje, wato shirin masu binciken, mai neman tsofaffin iri, waɗanda mutane suka daina shukawa tun babban fari. Su da manoma suke zama, kowa ya kawo abin da ya gada, a shuka tare, a zaɓa tare. Aka ce taron mata a tsakar gidanmu za a yi, ni ce kuma zan yi tafinta, tunda na yi kwalej. (Kwana biyu ina gwada Faransancina a gaban madubi, Allah Ya yafe mini.)

Ana gobe taro, Malam ya shigo da wata 'yar jakar fata, ana ta kiran magariba. Ya miƙo mini yana sauri.

"Ta baƙin gobe ce. Ki kula da ita."

Na buɗe, sai ga gurjiya. Amma ban taɓa ganin irinta ba: ja mai duhu, kowace ƙwaya da ɗigon fari kamar an yi mata kwalliya. Na daɗe ina juya ta a tafin hannu ina tasbihi. Sannan na yi abin da kowace matar gida take yi da abin baƙi. Na tsince ƙanana da masu yamutsi na watsa bayan randa, na jiƙa sauran, da safe na dafa da 'yar kanwa da gishiri har ta yi luguf.

Mata suka cika tabarmi. Shugabar masu binciken, wata madam daga Yamai, ta nuna wata tsohuwa daga ƙauyen Kelle, ana ce mata Ya Falmata. Ta ce a duk ƙauyukan da suka zaga, wurinta kaɗai suka sami jar gurjiya mai nuna da wuri, ko ruwa ya ɗauke, ta kuma ba su duk abin da ya rage mata. Ina fassarawa da ƙarfi, ina kuma zagawa da kwano.

Ya Falmata ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna. Ta tsaya. Ta ɗauki wata ta kai kusa da idonta.

Daidai nan Malam ya yi sallama daga bakin zaure: "A kawo jakar nan madam ta nuna musu."

Na dubi kwanon. Na dubi madam, da ke lasar yatsa. Duk Faransancin ya gudu, Hausar ma ta bi shi.

"Malam," na ce, "ai ita ake ci."

Ya Falmata ta haɗiye abin da ke bakinta, ta ce a hankali, "'Yata, shekarar da muka ci ganye ban taɓa ta ba. Yau ke kin ciyar da ni ita." Ta sake tauna ɗaya. "Gishirin dai ya yi."

Wasu suka yi dariya, ni kuwa na shige ɗaki na yi kuka. Ba kunyar ce ta fi damuna ba. Abin da uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba jika, shi na ƙarar a tukunya ɗaya. Kowace salla sai na roƙi gafara.

Bayan ruwan farko, ina alwala bayan randa, sai na ga wasu 'yan ganyaye uku-uku sun keto yashi. Na durƙusa, ruwa na zuba daga buta ban sani ba. Waɗanda na raina na zubar ne.

Malam ya ɗauko Ya Falmata a motar furoje. Ta tsuguna, ta shafa ganyen kamar kan jariri. Madam ta sa aka kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Da kaka muka tono abin da ya cika tafi biyu, aka raba wa mata huɗu su shuka.

Ya Falmata ta ba ni nawa kason, ta riƙe hannuna ta ce, "Wannan ƙasa za ki ba, ba madam ba."

Har yau ina shuka ta. Kuma ko goro Malam ya miƙo mini, sai na tambaya: na ci ne, ko na shuka?