Rasuwar Mama Ɗumi ta Ɗakin Gwajin Kudenda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka kumbura, Madam Celina Yakubu ta unguwar Romi tana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar Mama Ɗumi, akwatin renon ƙwayoyin halitta na ɗakin gwajin da take aiki a Kudenda. Marigayiyar ta rasu da tsufanta, bayan jinyar da ta ɓoye wa kowa.

Ta zo ƙasar nan a matsayin 'yar kwatano, wato tsohuwar hannu, da tabo a ƙofa da rubutun da ba mai iya karantawa. Aikinta guda ne, ta riƙe ƙwayoyin fatar ɗan Adam cikin ɗumi irin na jikin mutum, don su rayu a cikin 'yan farantansu har a gama gwaji. A ɗauke wuta a kawo, ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Iyakarta “hmmm” a hankali, sai kuma “ƙit” idan zafi ya kai inda take so.

Amanar ƙarshe da aka ba ta mai nauyi ce. Matan zumunta na cocin su Madam Celina sun haɗa sabulu da wani garin azurfa, mai laushin da ko madubin likita ba ya ganin ƙwayarsa, wai yana kashe cuta. Madam Celina ta miƙe a gaban iyayenta mata ta ce ba mai goga wa jariri wannan sabulu sai ta gwada garin a kan ƙwayoyi masu rai. Shugabarsu, Mama Hope, ta sa aka jibge katan-katan sabulun a falon Madam ɗin, ta ce, “To, 'yata, ga shi nan. Ranar da kika gama boko sai ki kira mu.”

Gwajin ba shi da wuya a faɗa. A zuba wa wasu ƙwayoyin garin, a bar wasu ba a zuba musu komai ba don su zama shaidu, sannan a ɗiga wa duka wani ruwa rawaya. Masu rai sukan mai da shi shunayya, matattu su bar shi yadda yake.

Tun da allon Mama Ɗumi ya daina nuna lamba, Madam Celina takan duba ta kowace safiya kamar yadda uwa ke duba zazzaɓi: ta zura bayan hannu, ta ji ɗumi, ta gyaɗa kai. Ashe baiwar Allah ta cika tun tsakiyar bazara. Zafin Kaduna ne ya ci gaba da yi mata aiki, ita kuwa Madam tana ta yabon gawa da ƙwazo. Sai da ruwan farko ya kwana biyu yana zuba, gari ya yi sanyi, asiri ya tonu. Farantai suka fito rawaya fes. Madam Celina har ta ɗauki waya za ta ce wa Mama Hope ai ga abin da take gudu, sai idonta ya kai kan shaidun. Su ma rawaya, ba wanda ya yi saura. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka sosai, kuma ba duka ne na marigayiyar ba.

Ta rasu ta bar ƙanenta firji, mai fama da tari, da tukunyar gas guda, da madubin likita mai ido ɗaya. 'Ya'yan da take reno duk sun bi ta. Ta kuma bar Madam Celina, wadda za ta tsaya gaban matan zumunta ranar Lahadi ta ce har yanzu ba ta sani ba ko garin yana da illa.

Malam Albert mai gyaran lantarki ya duba gawar ya tabbatar ba sauran numfashi. Za a ɗauke ta a Keke Napep ranar Asabar da hantsi, daga Kudenda zuwa makwancinta a Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa. Ana karɓar gaisuwa a gidan Madam Celina da ke Romi, inda za a zauna a kan katan saboda ƙarancin wuri. Akwai ruwan wanke hannu a bakin ƙofa. Sabulu dai kowa ya taho da nasa.