Dodon da Ya Ƙare Mana Wasa

A ajinmu na yaƙi da jahilci a Konni, malamarmu Madam ta koya mana wasan labari: ɗaya ke jan labarin, saura su zama jaruman cikinsa, ana jefa ɗan ludo a ga ko sun yi nasara. Ranar zuwan sufeton makarantu na ce ni zan ja. Wa ya fi ni baki?

Yana shigowa muka fara wasa. Don kada mata su sha kaye a idon baƙo, na sa musu dodo mai fukafukai, mai kirki, a cikin labarin. Ya kori ɓarayin shanu, ya haƙa rijiya, ya sussuke gero. Kafin sufeto ya gyara zama, labari ya ƙare.

Hajiya Rabi, ɗaya daga cikin jaruman, ta ce, "To mu mi za mu yi, guɗa?"

Har yau in na nemi taimakon daka, sai su ce, "Yaya, ina dodonki?"