Rasuwar Ɗan Zaitun, Keken da Buhun Shinkafa Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki ƙuna a maƙogwaro, ni Halliru Ɗan'azumi, mazaunin Erdington a Birmingham, ina sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kekena, wanda aka fi sani da Ɗan Zaitun saboda launin jikinsa. Ya rasu ranar Asabar da hantsi, tsakanin shagon mahauci da ƙofar gidana, ba a hannuna ba.

Marigayin ba keken zuwa kasuwa ba ne. Don hanyar tsakuwa aka yi shi. Mai shi na farko, wani dattijo Alfred, ya hau shi a tuddan Italiya, inda fararen hanyoyin burji ke ratsa gonakin inabi da zaitun, suna hawa suna sauka har mutum ya hango teku. Da Alfred ya rasu, matarsa Margaret, wadda nake tura wa keken marasa lafiya a asibitin da nake aikin ɗaukar majinyata, ta ce in zo in ɗauka. Ta haɗa mini da taswirorin mijinta guda huɗu, kowace hanya ya bi ta da jan biro, ya rubuta inda ake samun ruwan sha da inda gangara ke da haɗari.

Keken ya zo mini a lokacin da nake bukatarsa. GP, wato likitan unguwarmu, ya ce sukarina ya hau, jinina ya hau, ya tura ni wurin motsa jiki na unguwa. Sati uku ina zuwa aka rufe wurin, wai gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Suka rufe laburaren da yara ke karatu, suka rage mana awannin aiki, suka bar mu da ramuka a titi. Ɗan Zaitun kaɗai ne bai rage mini komai ba. Shekara biyu yana kai ni bakin canal, mashigin ruwan nan da ƙananan jirage ke bi, kowace safiya bayan asuba, ko ana ruwa ko ana sanyi. Bai taɓa yi mini gardama ba. Idan na daina taka feda a gangara, sai ya riƙa cewa tsirrrr a hankali, kamar mai jan carbi. Wandona ya yi mini yawa, GP ya rage mini ƙwaya ɗaya.

Amma ba wannan ne babban alherinsa ba. Ina da 'ya, Zinatu, tana jami'a a Manchester. Tun da ta koma Fallowfield, unguwar ɗalibai a can, idan na kira ta, hirarmu ba ta wuce "lafiya lau, Baba" da "I'm busy". Na kwana ina tunanin ta kuɓuce mini. Sai ran nan ta zo hutu ta tarar da taswirorin Alfred a kan tebur. Ashe ita ma tana hawan keke da wata ƙungiya a makarantarsu. Ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta bi jan layin nan da yatsa, ta ce, "Baba, mu je mana. Ni da kai, hutun Easter." Ta kafa sharaɗi ɗaya, sai na iya kilomita sittin a rana kafin ƙarshen Maris, in ba haka ba za ta bi ƙawayenta, don ba za ta kai ubanta kan tudu ya faɗi ba. Na kai arba'in da takwas. Saura sati shida.

Yanzu ga yadda ajali ya zo.

An yi wa maƙwabcinmu Sunusi haihuwa, ranar Asabar suna. Yayan matata, Injiniya Maharazu, ya zo daga Manchester ta jirgin ƙasa. Ina wurin aiki aka ce shinkafa ba za ta isa ba. Yaya Maharazu ya leƙa corridor ɗin gidanmu ya ga keke a jingine, ya ce ai ga abin hawa zuwa shago. Matata Turai ta ce masa wannan keken Baban Zinatu ba ya son a taɓa. Ya ce, "Keke ne fa, Turai, ba amarya ba."

Jama'a, keken nan ba ƙarfe ba ne. Da wani abu ake yin sa da ake kira carbon, yatsa biyu ke ɗaga shi, kuma ba shi da kariyar ɗora kaya a baya don ba a yi shi don dako ba. Yaya Maharazu, da ya ga babu kariya, sai ya yi yadda ake yi a gida. Ya ɗora buhun shinkafa a kan sandar tsakiya, ya rataya jarkar mai a hannun keken ɗaya, rabin rago a ɗaya hannun, ya ɗaure da igiya tamau, sannan ya hau da babbar riga. Bai yi nisa ba ya faɗa rami. Waɗanda suka shaida sun ce marigayin bai yi kuka ba. Ƙas ɗaya ya ce, shi ke nan.

Na dawo na tarar an naɗe karayar da robar tsohon tiyub. Yaya Maharazu yana cin shinkafar da ta yi kisan, ya ɗago ya ce, "Halliru, keken nan naka ba shi da ƙwari. Walda ce kawai, a Kano kafin la'asar an gama." Mutumin da ke da digiri biyu a injiniya! Mai gyaran keke na High Street ya duba, ya girgiza kai, ya ce ba a yi wa carbon walda, kuma ba zai bari in hau wannan a gangara ba ko an liƙe.

Kun san abin da na ce wa Yaya Maharazu? Na ce ba komai. Sau uku na faɗa, har da murmushi, har na ƙara masa nama. Yayan matata ne, a gaban baƙi, ranar suna. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, ya fi ramin titin, ya fi buhun.

Marigayin ya bar taswirori huɗu, da hular kwano, da famfon iska, da wani wando mai matsewa da na saya ina jin kunya, ban taɓa sa shi ba sai da jallabiya a kai. Ya bar ni da sukarina. Ya bar yarinya a Fallowfield da har yanzu ban iya kiranta na gaya mata ba.

Jiya Yaya Maharazu ya aiko mini da madadi daga garejinsa, wani baƙin keken ƙarfe mai kwando a gaba, nauyinsa kamar na ɗan maraƙi. Ya haɗa da saƙo wai wannan ko buhu uku zai ɗauka. Na karɓa, ba don na huce ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa bayan azahar. Za a tashi daga gidana a kai gawar wurin zubar da tarkace na hukumar gari. Yaya Maharazu ne zai ɗauke ta a kafaɗa, da ƙafa, don ya ji da jikinsa nauyin abin da ya ɗora wa buhu. Sirdin marigayin ba za a binne ba, na cire shi zan ɗaura wa keken haya idan ni da Zinatu mun isa Italiya. Za a karɓi gaisuwa a gida har la'asar. Kada kowa ya kawo shinkafa. Kada kuma wanda ya ce mini ba komai, domin kalmar nan tare da marigayin za a binne ta.

Washegari Lahadi bayan asuba, duk wanda ya ga wani mutum mai furfura yana haki a kan baƙin keke mai kwando a bakin canal, kada ya tsayar da shi da gaisuwa, yana da kilomita goma sha biyu da zai cike.

Zinatu, na san Mamanki za ta tura miki wannan. Kada ki ba ƙawayenki wurina.