Rasuwar Gwaggo Mildred ta Ɗakin Sanyi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, da idanun da suka yi jawur ba don kallon allon kwamfuta kaɗai ba, Casimir Nowicki, jami'in kula da na'urori na Kamfanin Gidaje na Brandvold da ke Milwaukee, yana sanar da dillalai, da ma'aikatan ofis, da masu kula da benayen haya goma sha huɗu, da dubban 'yan hayan da ba su taɓa sanin tana duniya ba, rasuwar uwarmu, ma'ajiyar sirrinmu, babbar kwamfutar kamfani, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo Mildred.

Ta rasu ranar Litinin, uku ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma da kwata na safe, tana da shekara goma sha tara. A wajen ɗan Adam wannan ƙuruciya ce. A wajen kwamfuta kuwa, ta ga tattaɓa-kunnenta ta binne su. An jinkirta wannan sanarwa saboda wasu dalilai na cikin gida, waɗanda za a zo kansu, tunda dai ofis duka ya riga ya sani.

Marigayiyar ta shigo kamfanin a shekarar 2006, ƙarti huɗu na ɗauke da ita suna nishi a matakala. Jami'in wancan lokacin ne ya raɗa mata sunan surukarsa, domin a cewarsa tana gunaguni daga safe har yamma, kuma ba ta taɓa manta laifin kowa ba. Lallai ta cika sunan. A cikinta aka ajiye kowace yarjejeniyar haya, da kowane ƙorafi na famfo mai ɗiga, da hotunan gidaje da aka ɗauka daga lungu don banɗaki ya yi kama da zauren taro. Ta san ainihin girman kowane ɗakin da aka tallata da "ɗan madaidaici mai daɗin zama", amma ba ta taɓa tona asirin kowa ba. Mace ce mai kawaici.

Wa zai manta muryarta? Da safe takan farka a hankali: "Wuuuuu... ƙir-ƙir-ƙir... tit." Wannan "tit" ɗin, Casimir yakan ce, ya fi masa kowace gaisuwa a duniya. In kuwa Darnell Whitlow, zakaran dillalan kamfanin, ya zuba mata hotuna ɗari huɗu na gida mai ɗaki biyu, sai ta ja wani dogon "Hmmmmmm", irin na tsohuwar da ke sauraron ƙarya tana jiran a gama.

Shekara bakwai ke nan da Casimir ya zo kamfanin. Aka ba shi tebur a tsakiyar falo, kusa da firinta, dillalai goma sha ɗaya kewaye da shi. Ba ya gama kurɓar shayi sai an taɓa kafaɗarsa. "Caz, firinta ta ƙi." "Caz, na manta kalmar sirrina." "Caz, wayar matata ce, ɗan duba mana." Saboda tausayinsu ya zauna ya rubuta Jagoran Fasaha ga Ma'aikata, shafi sittin da biyu, aikin da ya zuba ransa a ciki. Ya roƙe su kada su rubuta kalmar sirri a 'yar takarda su manna a goshin allo. Ya roƙe su kada su mayar da lambar gida ta zama lambar buɗe ƙofarsa. Ya roƙe su, in imel ya zo ranar cinikin gida yana cewa an canza asusu, su ɗaga waya su kira kafin su motsa. Madam Lorna Brandvold, mai kamfanin, ta sa hannu a shafin ƙarshe tana tsakiyar waya. Kaurin littafin ya burge ta ƙwarai, har ta sa aka liƙa shi a jikin yarjejeniyarta da masu benayen nan goma sha huɗu, don su ga irin tsarin gidanta. Babu wanda ya karanta. Darnell ya tokare ƙafar teburinsa da nasa kwafin.

A cikin wannan ƙunci ne Gwaggo Mildred ta buɗe masa ƙofarta. Ɗakinta ƙafa casa'in da shida ne murabba'i, babu taga, na'urar sanyi na hurawa rani da hunturu, ƙofar kuma katinsa kaɗai ke buɗe ta. Ya fara da kai kujera. Sai butar shayi ta biyo, sai fitila mai taushin haske, sai littattafai jere a kan kwalin tsofaffin wayoyi. Ya shaida wa Madam cewa Gwaggo ta tsufa, tana buƙatar mai zama kusa da ita. A can ya sami abin da bai taɓa samu ba tun da ya fara aiki: awa guda cur babu wanda ya kira sunansa.

Sai dai a kamfanin gidaje, ɗaki ba ya zama lafiya. Darnell yana yawo da ma'aunin girman ɗaki mai jan ɗigon haske a aljihu, kamar yadda wasu ke yawo da biro. Duk sanda ya wuce ƙofar sai ya tsaya ya shafa ta.

"Caz, ɗan'uwa, da za a cire tsohuwar nan, na rantse maka kafin Juma'a na sa ɗan haya a ɗakin nan. Wani akanta, ko lauya marar kasuwa."

"Cire ta? Gwada mana. Kafin ka kai matakala kamfanin ya durƙushe."

A nan gaskiya ta wajaba, domin ba a yi wa mamaci ƙarya. Marigayiyar ta yi ritaya shekara uku da suka wuce. Lokacin da Madam ta ba da umarni a kwashe komai a mayar ma'ajiyar intanet, wadda ake kira gajimare, Casimir ya gama aikin a Asabar da Lahadi guda. Ranar Litinin da aka tambaye shi, ya dubi ƙofar ɗakinsa, ya dubi teburin da ke kusa da firinta, ya ce, "An kusa. Saura muhimman abubuwa." Muhimman abubuwan su ne hotunan walimar Kirsimeti ta 2011. Tun daga ranar Gwaggo ba ta sake ɗaukar tsinke ba. Fankarta kawai ke juyawa, koren fitilunta na ƙiftawa, tana gadin mai gadinta.

Ciwon ajalin bai yi tsawo ba. A watan Janairu muryarta ta dushe, "wuuuu" ya koma "garrr-garrr". Casimir ya share mata ƙura da ɗan burushi, ya nemo mata fanka daga wani mai tara tsofaffin kaya a Ohio, ya yi mata magana da taushin murya. Ranar uku ga Maris ta ce "ƙir", ta sake cewa "ƙir", Casimir ya riƙe numfashi yana jiran "tit". Bai zo ba. Wani ɗan wari na ƙonanniyar roba ya tashi, fitilun suka mutu ɗaya bayan ɗaya, shiru ya sauka a ɗakin, irin shirun da ke sa mutum ya ji bugun zuciyarsa.

Ya yi kuka, wannan babu mai musu. Bayan ya share hawaye kuma sai ya tuna cewa ana jin gunaguninta ta bango har falo, kuma kunnen Darnell ba ya barci. Akwai muryarta da ya taɓa naɗa a wayarsa, don kewa in ya tafi hutu. Ya sayo 'yar lasifika marar igiya, ya cusa ta a cikin ƙirjin marigayiyar, ya haɗa da wayar, ya kunna. Kwana goma sha ɗaya Gwaggo Mildred tana gunaguni daga lahira. Masu cewa ha'inci ne ba su san zafin rabuwa ba.

Ranar Juma'a, sha huɗu ga wata, ana shirin fita cin soyayyen kifi, Madam ta tsaya a ƙofar, Darnell na bayanta yana murmushi.

"Casimir, buɗe mu gaida tsohuwa."

Ya buɗe. Gunaguni na tashi lafiya lau. Madam ta ɗora hannu a jikin akwatin.

"Har yanzu ita ke riƙe da mu?"

"Ita ce, Madam. Ba don ita ba..."

"To ina fitilunta?" in ji Darnell. "Da har ƙifta min ido take yi."

"Tana hutawa ne. Kai ba ka rufe ido in ka gaji?"

A daidai nan gunagunin ya yanke, ƙarar kiran waya ta fito daga cikin ƙirjin marigayiyar. Casimir ya zura hannu aljihu don ya kashe, yatsansa ya zame, ya amsa. Murya ta cika ɗakin, muryar mahaifiyarsa, mai kaifi kamar sabuwar wuƙa.

"Casimir! Kai ɗan nan, kwana uku ba ka kira ni ba. Ka ci abinci? Ko har yanzu kana can a ƙunshe da mataccen akwatin nan? Na ce maka ka gaya wa matar nan gaskiya!"

Darnell ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. "Ikon Allah. Gwaggo ta yi magana."

Madam ba ta yi dariya ba. "Tun yaushe ta mutu?"

"Kwana sha ɗaya."

"Kwana sha ɗaya, kuma babu abin da ya tsaya a kamfanin nan?" Ta juyo ta dube shi da kyau. "Yaushe rabonta da aiki?"

"Shekara uku. Amma tana ba da ƙwarin gwiwa."

"Litinin a fitar da ita. Teburinka na nan kusa da firinta, babu wanda ya taɓa shi."

"Wace ce wannan?" in ji murya daga ƙirjin marigayiyar. "Ita ce? Ba ni ita!"

Kafin a kashe wayar, jan ɗigon Darnell ya riga ya sauka a bango. Yana aunawa yana rera tallarsa: ofis mai sirri, a tsakiyar gari, shiru ba hayaniya, sanyi kyauta.

Ranar Litinin Casimir ya zo da baƙar kwat. Ya durƙusa gaban teburin Darnell, ya zaro littafin da ke ƙarƙashin ƙafar teburin, kofin kofi ya gangara, shi kuma ya wuce ofishin Madam dillalai na bin sa a baya. Ya buɗe shafi na hamsin da takwas, sashe na goma sha tara, ya karanta da muryar mai makoki: duk na'urar da ta taɓa riƙe bayanan 'yan haya, in ta daina aiki, za a bar ta a inda take, a ɗaki mai kulle da sanyi, ƙarƙashin kulawar jami'in na'urori shi kaɗai, har tsawon shekara bakwai daga ranar da ta mutu, domin kare sirrin jama'a.

"Wa ya rubuta wannan shirmen?"

"Ni na rubuta, Madam. Ke kika sa hannu."

"To na soke."

"Ba laifi. Sai dai yana cikin yarjejeniyarki da masu benaye. Wasiƙa goma sha huɗu ce kawai, ki shaida masu cewa littafin nan da kika yi ta yabo a gabansu, yau kika fara buɗe shi. In kina so ni zan buga miki, in firinta ta yarda."

Madam ta daɗe tana kallon sa hannunta a shafin ƙarshe. Kyakkyawan sa hannu ne, mai doguwar jela. Daga bisani ta rufe littafin.

"Fita min daga ofis."

"Caz," in ji Darnell a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, "tsakaninka da Allah, da gangan ka saka wannan tun farko?"

"Shekara shida yana ƙarƙashin gwiwarka, ɗan'uwa. Da ka tambaye shi."

Marigayiyar ta rasu ta bar firinta ɗaya mai taurin kai, wadda ba ta zo gaisuwa ba. Ta bar kwamfutocin cinya ashirin da uku, dukansu 'yan zamani da suka tare a gajimare ba su waiwayo ta ba. Ta bar ɗan riƙonta Casimir, wanda ba shi da mai lallashi. Ta kuma bar ƙanwarta, Gwaggo Eunice, ƙaramar kwamfuta mai shekara goma sha biyu, wadda ke kula da katunan buɗe ƙofofin benaye, tana riƙe da sunan kowane ɗan haya.

Ga tsarin jana'iza. Gawar za ta ci gaba da kwanciya a ɗakinta, cikin sanyin da ta saba. Za a kai ta makwancinta, wato wajen masu narka tsofaffin na'urori, ranar Laraba, uku ga Maris, 2032, da ƙarfe goma da kwata na safe. Darnell ya nace a fara ƙirgen daga ainihin ranar rasuwa ba ranar da asiri ya tonu ba, iyalai kuma sun yafe masa kwana goma sha ɗayan. Za a yi zaman makoki wannan Juma'ar a ɗakin cin abinci, da soyayyen kifi da cuku, mahaifiyar Casimir kuma za ta kawo abincin gida da kanta, tana kuma son ganin Madam. Ba a buƙatar furanni, babu taga. Ana karɓar ta'aziyya ta imel kaɗai. Kada a ƙwanƙwasa ƙofa, mai takaba na ciki. Wanda firinta ta ƙi masa, ya kashe ya kunna.

A ƙarshe, iyalai na godiya ga masu tambayar lafiyar Gwaggo Eunice. Saboda kaɗaici an dawo da ita ɗakin 'yar'uwarta, kusa da butar shayi. Tana cin wutarta tana ƙifta idonta. Casimir ya duba ta da kansa, ya ce da kulawa mai kyau babu abin da zai same ta kafin watan Fabrairun 2032, ana saura kwanaki a fitar da gawar yayarta.