Sulhun da Na Yi a Rukuni na Uku

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis da na tsaya a gaban mata ashirin da biyar da baƙi biyu, na gyara mayafi, na yi wa'azi mai ratsa jiki a kan laifin da babu wanda ya aikata. Har yau idan abin ya faɗo mini ina cin tuwo, sai lomar ta tsaya mini a wuya.

Bari in faro daga tushe. Ni haifaffiyar birnin Zariya ce, amma yawancin shekaruna a waje na yi su. Aikin maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya kai mu Khartum da Yamai da Kumasi, daga ƙarshe Malesiya, ni kuma duk inda muka sauka sai in nemi aji in koyar. A haka na tsinci Larabci da Faransanci a kan Turancina, da ɗan Fulatancin da ya isa in taya nono. Da na dawo gida da furfura da ciwon gwiwa, zaman ɗaki ya gundure ni. Sai na roƙi mai wata Islamiyya a Ƙofar Kibo ya ara mini aji ɗaya ranakun Alhamis da Juma'a da hantsi, tunda yara ba sa karatu a ranakun, na buɗe ajin Turanci na manyan mata. (Ban ce ina da girman kai ba, amma a lokacin da wuya in yi magana uku ban ce "sanda muke Malesiya" ba.)

Ɗalibaina teloli ne da masu ɗinkin hula da masu sayar da kayan miya a gida, har da ungozoma ɗaya. Babbar cikinsu ita ce Iya Kulu daga Ƙofar Galadima, mai ɗinkin hula, wadda ta girme ni da 'yan shekaru. Ranar da ta fara zuwa, da littafinta a cikin leda, ta ja ni gefe ta ce a gida ma tsokanarta ake yi wai tsohuwa ta shiga boko.

"Na zo dai, Malama," in ji ta. "Amma ki sani, ranar da aka yi mini dariya a ajin nan, ranar na naɗe tabarmata."

Na yi mata alkawari ba za a yi ba. Kuma na san nauyin alkawarin, domin akwai tsofaffi uku da ganin Iya ne ya ba su ƙarfin halin zuwa. Kullum a bencin gaba take zama, daidai bakin ƙofa.

Akwai kuma Hajara, tela daga Tukur-Tukur, ta kusa hamsin, ba ta da yawan magana, rubutunta ya fi na kowa kyau. Ita kuma wurinta can ƙuryar baya. A wata uku ban taɓa ganin ta da Iya sun gaisa ba, amma ban kawo komai a raina ba. A rajista kowa da sunan mijinta nake rubuta ta, unguwanninsu kuma ba ɗaya ba.

Bayan wata ukun nan na ga lokaci ya yi da zan shigo da aikin rukuni. Kuma har gobe ina kan bakana cewa dabara ce mai kyau. Harshe a baki ake koyonsa, idan kuwa malami ɗaya ne ke tambaya a aji mai mutum ashirin da biyar, wata sai ta zo ta koma gida ba ta furta kalma uku ba. Na ga yadda ake yinsa wuri-wuri. A Khartum idan ka haɗa ɗalibai biyar, sai ka roƙe su kafin su yi shiru. A Yamai ba sa taɓa aikin sai sun zaɓi shugaba da magatakarda, wani lokaci zaɓen ne ke cinye darasin. A Malesiya kuwa ƙirga ake yi, ɗaya zuwa biyar, masu lamba ɗaya su haɗu, don kada kowa ya manne wa ƙawarsa. Wannan ya fi burge ni, shi na ɗauko ɗungurungum na dire a Ƙofar Kibo.

Muka ƙirga, wan, tu, tiri, ana ta raha. Rukuni na uku ya faɗa kan Iya Kulu da Hajara da Hajiya Rabi, monitar ajin, da wasu mata biyu.

Aikin mai sauƙi ne. Kowane rukuni zai zaɓi mace ɗaya a cikinsu, a yi mata tambayoyi da Turanci a kan rayuwarta da sana'arta, a rubuta a babban kwali. Ranar ƙarshe wata daga cikinsu ta fito da ita gaban aji, ta riƙe hannunta, ta faɗi sunanta, ta yabe ta da jimla biyar. Sauran rukunan na bar su suka zaɓa da kansu. Na uku kuwa ni na yi musu zaɓi: Hajara za a gabatar, Iya Kulu ce za ta gabatar da ita. (Gaskiyar magana, so nake baƙi su ga tsohuwar ɗalibata tana zuba Turanci, su ce lallai Malama ta iya aikinta.)

Da aka tashi, Hajiya Rabi ta biyo ni har wurin takalma tana murza hannu. Ta ce da dai an sake duba rukuni na uku. Ban bari ta kai aya ba. Na ce mata a Malesiya ba a canza rukuni, amfanin abin ke nan, mutum ya koyi aiki da wanda bai zaɓa ba. Ta dube ni, ta dubi ƙasa.

"To, Malama ta fi mu sani."

Ni kuwa na ɗauka yabo ne, na tafi gida ina jin daɗi.

Mako uku aka yi ana shiri. Sauran rukunan kamar kasuwa, ana kwaɓa Turanci ana gyara wa juna ana shewa. Rukuni na uku kuwa abin kallo. Iya ta juya tana fuskantar taga. Hajara ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Hajiya Rabi a tsakiya kamar tafinta a kotu: Iya ta ce a tambayi waccan shekara nawa ta yi tana ɗinki, Rabi ta juya ta tambaya, Hajara ta amsa wa Rabi, Rabi ta juyo ta mayar wa Iya, alhali tsakaninsu bai fi kamu uku ba. Nan take na gano cutar, a ganina. Gaba ce. Na taɓa ganin irinta a Kumasi tsakanin wasu 'yan kasuwa biyu da suka yi rigima a kan rumfa. Har dalili na ƙago musu a raina, na ce ƙila Hajara ta taɓa ɓata wa Iya ɗinkin salla. Wata Juma'a Iya ba ta zo ba, karo na farko tun da muka fara, ta aiko wai ƙafa ce. Na ce a raina, ƙafa ko zuciya.

Ranar gabatarwa muka share aji, muka manna kwalaye a bango. Baƙinmu biyu suka zauna a gaba, uwargidan mai makarantar da shugabar matan unguwa. Rukuni na ɗaya da na biyu suka yi abin a yaba, ni kuma ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Aka kira na uku.

Iya ta taso a hankali ta tsaya. Hajara ta fito ta tsaya can nesa da ita, kamar baƙin juna biyu masu jiran mota a bakin titi. Na ce a matso, a riƙe hannu. Hannun Iya na cikin hijabi bai fito ba. Na ce to, a fara da suna. Iya ta buɗe baki, ta ce "This," ta tsaya. Ta sake cewa "This," ta haɗiye sauran.

Nan ne shaiɗanin sani ya hau kaina. Na ajiye alli, na bar Turanci na koma Hausa. Na ce mako uku ina kallo ina shiru, yau sai na faɗa. Na jawo hadisin da ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, da Larabcinsa da fassararsa, har da ɗan jan murya irin na Khartum. Na ba su labarin 'yan kasuwar Kumasi. Na ce duniyar nan nawa take. Ajin ya yi tsit, ni kuma na ɗauka wa'azin ne ke shiga.

"Iya, ke ce babba," na ce. "Me baiwar Allah nan ta yi miki da zafi haka, da ko sunanta ba za ki iya kamawa ba?"

Sai na kamo hannun Iya, na kamo na Hajara, na haɗa su da ƙarfi, na ce su dubi juna ido cikin ido su yafe wa juna a gaban shaidu. Na waiga na ga uwargidan mai makaranta ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Wallahi na zaci kuka take yi. Ta yafito ni da hannu, na sunkuya, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Sai dai ajin ya yi shirun da ko allura ta faɗi za a ji.

"Hajiya, ai 'yar farinta ce."

Ban san wadda ta fara ba, amma dariyar da ta fashe har masu wucewa a lungu sun leƙo ta taga. Na tsaya riƙe da hannuwan uwa da 'ya ina neman ƙasa ta tsage in shige. Ni da mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan babban yayanmu ba, "wancan" take ce masa har ya yi jikoki. Ni na san wannan kunyar tun kafin in san hagu da dama. Amma nawa ɗan farin a Khartum na raine shi, ina ƙwala masa kira daga saman bene kamar ɗan kamasho yana kiran fasinja, har na manta akwai uwayen da ko kallon nasu ba sa yi a gaban mutane, balle yabo.

Ni ake yi wa dariyar, kowa ya sani. Amma Iya ce a tsaye a gaban aji. Ta zare hannunta a hankali, ta ɗauki ledar littafinta, ta sa takalmi ta fita. Washegari Juma'a ba ta zo ba, tsofaffin nan uku ma ba su zo ba. Na koyar da darasi ina kallon bencin bakin ƙofa.

Ranar Asabar na sayi goro na nufi Ƙofar Galadima. Na same ta a tsakar gida tana ɗinkin hula. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ƙara, ta bar ni a durƙushe har muka gama gaisuwa kaf, da gajiya da iyali da zafi, kafin ta turo mini kujera 'yar tsugunno. Na ba ta haƙuri. Na kuma yi wautar tambayar me ya sa babu wanda ya gaya mini.

"Wa zai gaya miki?" in ji ta, ba ta ɗago daga ɗinkin ba. "Ke da aka yanke wa cibiya a cikin ganuwar nan? Mun zaci sabon ilmi ne kika zo da shi daga Malesiyar."

Na haɗiye wannan, don na ci bashinsa da bakina. Muka daɗe muna hira. A cikin hirar na ji cewa tun yaye goggon Hajara ta ɗauke ta zuwa Tukur-Tukur, can ta girma, can aka yi mata aure. Na tambayi Iya ko ta san waccan na ajin kafin ita ma ta shiga. Ta zare zare mai tsawo, ta ciza shi, ta ce bencin bakin ƙofa ya fi iska, kuma kowa ta nan yake shiga, ta nan yake fita. Ban ƙara tambaya ba.

Na ce idan za ta dawo zan canza mata rukuni. Ta ce a'a, mako uku tana haddar jimlolin nan har a kan sallaya, ba za su tafi a banza ba. Sai dai da sharaɗi: babu suna, babu riƙe hannu, waccan ta zauna a wurinta, ita kuma allo za ta fuskanta. Na ce na yarda. (Da ta ce in yi tsallen kwaɗo daga nan zuwa Ƙofar Kibo ma da na yarda.)

Ranar Alhamis Iya ta zo, tsofaffin uku na biye da ita. Babu baƙi a ranar. Ta tsaya ta ba aji baya, hancinta ya kusa taɓa allo, ta fara da ƙarfi kamar mai biya karatu: "This woman is a tailor." Ta ce matar tana aiki tuƙuru, ta ce tana da 'ya'ya shida, ta ce tana da haƙuri. Huɗu ke nan, duk suna kan kwali. Ta biyar ba ta cikin kwalin, daga baya Hajiya Rabi ta ce mini a ɓoye Iya ta tambaye ta yadda ake faɗa.

"Her mother is happy."

Wato uwarta tana farin ciki. Can ƙuryar baya Hajara ta ja hijabi ta rufe fuska. Babu wadda ta yi dariya. Iya ta juyo ta koma bencinta, ta ce da ni in rubuta mata makinta da jan biro don a gani a gida.

Har yanzu ina ba da aikin rukuni, kuma har yanzu yana aiki. Amma ƙirgar wan, tu, tiri na mayar wa Malesiya kayanta. Kafin in haɗa mutum biyar yanzu sai na ɓata darasi guda ina tambayar wa ya haifi wa, wa ke auren ɗan wa, domin a cikin birni idan ka ja zare ɗaya rabin ajin ne ke biyowa. Kuma duk ranar da ɗaliba ta sunkuyar da kai ta ce mini "Malama ta fi mu sani," sai in nemi wuri in zauna, in ce ta gaya mini ɓarnar da nake shirin yi.