Ranar da Na Shanya Batir

Ko tsufa ya kwashe min komai a kai, akwai Asabar ɗaya da ba zai iya ɗagawa ba. Amma kafin mu kai can, bari ku san da wa kuke magana. A Ƙetaren Gwari kaf, babu wanda ya san batir kamar ni. A ofis fayil nake ɗauka, amma a unguwa Injiniya ake ce min (ni na fara kiran kaina haka, sauran suka bi don a zauna lafiya). Tun ina firamare nake tayar da matattun batura. Rediyon babana in ya fara magana kamar mai zazzaɓi, sai in zare baturan, in jera su a kan kwanon ɗaki su sha rana, in ɗan ciccije su da haƙori, in mayar. Wallahi har tsawa rediyon yake yi. Da wannan dabara na riƙe batir huɗu shekara uku cur (matata ta ce ƙarya ne, alhali lokacin ko rarrafe ba ta fara ba).

To, 'yata ta fari, Zainab, ta samu miji, wani yaro mai hankali, Usman, da ke aikin haɗa sola a Bosso. Aka sa ranar da iyayensa za su taso daga Gwada neman aure. Lokacin bazara ne, irin zafin Minna da ƙadangare ma ke neman inuwa, ga taransifomar layinmu ta ƙone mako biyu. Ni kuwa buri ɗaya gare ni: mutanen nan su shigo su ga daga gidan mutunci za su ɗauki mata. Fanka na juyawa, kunun aya da sanyi, maigida cikin babbar riga.

Ranar Juma'a da yamma Usman ya zo da wani baƙin akwati mai hannu, da ɗan gilashi a gaba yana nuna lamba ɗari. Ya durƙusa ya ce, "Baba, batir ne irin na zamani, litiyam. Na cika shi a shago. Zai riƙe firij da fanka biyu har baƙi su tafi. Sai dai wajen ajiye shi..."

Na ɗaga masa hannu. "Ɗana, ina harkar batir tun babanka bai san hanyar gidan su babarka ba. Je ka abinka."

Ya tafi, bawan Allah.

Da gari ya waye na tarar lambar ta sauko saba'in (firij ya ci nasa, ni ma na ɗan gwada talabijin, don tabbatar da inganci kawai). Saba'in ɗin nan ta isa har ta yi saura. Amma ni Injiniya ne, ban saba da abu rabi-rabi ba. Na zare wayar firij, na ɗauki akwatin, na ɗora shi a kan kwanon kejin kaji, inda rana ke sauka ba ta sallama.

Matata ta leƙo daga kicin. "Malam, me kake yi haka? Ka kira yaron nan ka tambaye shi mana."

Na ce, "In tambayi suruki tun ba a ɗaura ba? Gobe kuma sai ya koya min alwala."

Har fita nake lokaci-lokaci ina juya shi, kamar mai gasa masara, don kowane gefe ya samu rabonsa.

Bayan azahar baƙi suka iso, su uku. Babbansu Baba Ɗanjuma ne, ƙanin mahaifin Usman, wani tsoho ɗan siriri da takalmin roba, manomin doya. Na dube shi na ce a raina yau zai ga birni. Aka zauna a falo, aka gaisa, na je na ɗauko akwatin da tsumma (ba ya taɓuwa da hannu don zafi, na ɗauka alamar ya ƙoshi ce). Na jona fanka, na yi bisimilla da ƙarfi, na danna.

Ya yi ƙara tit-tit, wata jar fitila ta lumshe ido, ya mutu.

Na sake dannawa. Tit-tit. Na uku ma haka. Na ɗan mare shi a gefe. Baƙi suka kama fifita da mahuci. Sitacin babbar rigata ya narke ya manne min a baya. Aka kawo kunun aya, wanda ya wuni a mataccen firij. Wani daga cikin baƙin ya kurɓa, ya runtse ido, ya ajiye kofin a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake rufe fuska da filo. Maimakon in yi shiru, sai na buɗe baki na ce, "Kayan zamani ke nan, Baba. Kyan ɗan maciji. Yaran yanzu ba su san abu mai kyau ba, kowane tarkace aka kawo sai su kwasa."

Baba Ɗanjuma ya ɗago. "Usman ne ya kawo wannan?"

Na ce shi ne. Sai na ga tsohon ya sunkuyar da kai, 'yan'uwansa suna kallon tabarma. Sun zo neman aure, an nuna musu ɗansu bai iya sana'arsa ba. Ni na jefa yaron a rami don in tsira da hulata, kuma na sani.

Ana cikin haka maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna mai sayar da zoɓo, ta yi sallama da bokitin ƙanƙara; ashe matata ta aika mata ta baya. Ta gaida baƙi, ta hango akwatin, ta washe baki.

"A'a, Baban Zainab, akwatin ya bushe? Tun safe ina ganin ka kana juya shi a rana. Kaza na ya hau kai, ya sauka da gudu, har yanzu yana ɗingishi!"

Da ƙasa tana da ƙofa, da na shige na ja sakata.

Baba Ɗanjuma ya miƙa yatsa ya taɓa akwatin, ya janye. Ya dube ni, ya dubi akwatin. Ba dariya, ba faɗa, wanda ya fi duka ciwo. Ya sa aka kai shi lungu mai inuwa a kan siminti, sannan ya ce yana da irinsa a gona, shi ke ba famfon ban-ruwansa wuta.

"Farantin sola ne ke shan rana, Alhaji, shi ne gonar. Wannan rumbu ne, ajiya kawai yake. In ya ji zafi ya yi yawa, da kansa yake kullewa don kada ya kama da wuta. Lafiyarsa ƙalau. Ya fi mu hankali ne kawai."

Na ce, da murya kamar ta sauro, "Laifina ne, Baba. Yaron ya so ya gaya min, na hana shi."

Muna dawowa daga sallar la'asar aka danna, fanka ta tashi. Aka yi magana, yayana, wanda shi ne waliyyi, ya ba da Zainab, aka sa rana, aka shafa fatiha. Ni dai na lafe a gefe. Ina zaune ina tunanin ashe ilimi ma yana mutuwa a jikin mutum, kuma mai shi ne na ƙarshen ji.

Na raka su bakin mota ina ta ba da haƙuri. Baba Ɗanjuma ya riƙe hannuna da hannu biyu, cikin ladabi sosai, ya ce:

"Haba Alhaji, ba komai, an zama ɗaya. Mu dai a ƙauye rogo muke shanyawa, da barkono. Amma ku mutanen birni kun fi mu karatu."