Rigar Aro da Fitilar Asibiti

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da aka ɗaura auren Rabi a Batsari, kuma ko na so in manta mutanen garin ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, domin an yi mini shaidar abin da ban aikata ba, a bainar jama'a, kuma da lasifika.

Rabi budurwata ce, mun daɗe tare. Ni aikina ba da kati a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Safana, albashin da tun da aka cire tallafin mai ko tsakiyar wata ba ya kai ni. Duk lokacin da ta yi zancen in turo magabatana sai in ce ta bari masara ta sauko. Masara ta ƙi saukowa, Rabi ta gaji, ta zaɓi wani Alhaji Sada mai sayar da hatsi (ka ji wanda tsadar ta yi wa rana). Ba wanda ya tilasta mata, da bakinta ta gaya mini. Na ce Allah ya sanya alheri, a raina kuwa na rantse sai na je ɗaurin auren nan fes, ina murmushi, kowa ya ga ko a jikina.

Saura sutura. Ɗan kawuna Lawal ya ara mini babbar rigarsa ta shadda, sai dai ya kwana biyu yana susa, wasu ƙuraje sun feso masa a wuya. Wanki kuma ba zai yiwu ba, don shadda in ta sha ruwa sai ta koma wajen masu bugu, ga lokaci ya ƙure. Nan shaiɗan ya tuna mini da fitilar asibitinmu.

Wata doguwar fitila ce mai haske shuɗi-shuɗi da ke maƙale a bangon ɗakin wanke ciwo, tana aiki da sola. Ranar da aka kafa ta, Sista Hajara, babbar nas ɗinmu, ta tara mu ta ce: "Haskenta dangin wanda ke cikin rana ne, amma ya fi shi ƙarfi. Yana lalata ƙwayoyin cuta su kasa hayayyafa, na cikin iska da na bisa gado da tebur. Amma fa sai inda ya taɓa, abin da ke inuwa ko lungu yana nan da ransa. Kuma ba a kunna ta da mutum a ciki, shi ya sa makunnin ke waje."

Duk na haddace, ban da na ƙarshen. Shi na ɗauka irin tsoratarwar nan ce ta malaman asibiti.

Da sassafe ran Juma'a, kafin marasa lafiya su fara zuwa, na kunna fitila na shige da riga. Tunda haske sai inda ya taɓa, babbar riga kuwa duk lungu ce, sai na ga hikima ita ce in saka ta. Na saka, na ware hannuwa, ina juyawa a hankali kamar tsire a bakin wuta. Na ɗaga hammata, na buɗe aljihu, na baje wuya. Jifa-jifa in ɗaga kai in ƙura wa fitilar ido don in tabbatar tana aiki (wai ni mai lura). Ba zafi, ba raɗaɗi. Na fito ina yaba wa kaina, na hau acaɓa sai Batsari.

Bayan an sauko daga masallaci muka zauna bisa tabarmi a ƙofar gidan su Rabi. Na zaɓi sahun gaba, inda kowa zai ga murmushina. Waliyyai na fara magana na ji kamar an watsa mini yashi a ido. Na ƙifta, na murza, abu ya ƙaru. Liman na cewa a shafa Fatiha hawaye suka ɓalle, ba ɗigo-ɗigo ba, zuba sosai, har da majina. Hasken rana ya gagare ni kallo, na ja hannun riga na rufe fuska, kafaɗuna na rawa saboda azaba.

Jama'a duk suka juyo suna kallona. Sai maroƙi, Allah ya isa tsakanina da shi, ya kafa baki a lasifika: "Jama'a ku taya bawan Allahn nan da addu'a! Ga masoyin gaskiya tun daga Safana, ya kasa daurewa!"

Wani tsoho, kawun amarya, ya matso ya dafa ni. "Haba yaro, mi ya yi zafi? Matar mutum kabarinsa. Ka yi ta maza mana."

Na ce, "Baba, wallahi fitila ce! Fitilar asibiti!"

Ya girgiza kai ya juya ga jama'a. "Allah sarki, har ya fara sambatu."

Duk wannan mai sauƙi ne. Angon da kansa ya taso, yana ƙamshin turare, ya rungume ni yana bubbuga bayana, wai in yafe masa, haka Allah ya rubuta. Sannan ya kira direbansa ya ce a mai da ni gida kada in faɗi bisa babur. Haka na koma Safana a bayan a-kori-kurar mijin Rabi, zaune kan buhunan dawarsa, ido rufe.

A asibitinmu Sista Hajara ta ɗiga mini magani tana wanke ni da faɗa. Ta ce hasken ya ƙona mini saman ido ne, kuma haka yake, ba ya nuna kansa sai an jima. In da na ƙara daɗewa da abin ya fi haka. Fatar goshina ma sai da ta saɓule. Na roƙe ta ta bi ni Batsari ta yi wa mutane bayani, ta ce ita tana da aikin yi.

Idon ya warke, suna bai warke ba. Na yi bayanin fitilar nan a majalisa, a tasha, a wajen mai shayi, kowa sai ya gyaɗa kai da tausayi. Wadda na sa ran za ta gaskata ni ita ce mahaifiyata. Ta saurare ni tsaf har na gama, sannan ta ce, "Ni na haife ka, ɗan nan. Ba sai ka ɗora wa fitila ba, kuka ba abin kunya ba ne."

Tun daga ranar, in aka ce mini abu yana kashe abin da ido ba ya gani, nakan ɗauke nawa idon in tsaya daga waje. In kuma aka ɗaura wa tsohuwar budurwarka aure, ɗan'uwa, aika da saƙon fatan alheri ka zauna gidanku.